Daga Adudu Zuwa Durowa: Tarihin Ma'ajiyar Ɗakin Mace a Bakin Iyakar Jibiya

A ɗakin kakata a Bugaje akwai wata baƙar adaka wadda na tashi na tarar tana zaune bisa duwatsu huɗu, an ɗaga ta daga ƙasa don kada gara ta kai gare ta. Makullinta kullum yana ƙulle a haɓar zanen tsohuwar, kuma ba ta buɗe ta sai da dalili: ko biki, ko suna, ko rasuwa. In ta ɗaga murfin, ƙamshin turare da na tsohon baba ne ke fara fitowa, sannan ido ya sauka kan saƙin da ta zo da shi gidan miji, da wasu kwabbai da aninai masu huji a tsakiya, da takardun harajin kakanmu a naɗe cikin tsumma. Da Allah ya yi mata rasuwa aka raba abin da ke ciki bisa ƙa'idar gado, ita kuwa adakar babu wanda ya nuna yana so, domin kowace mace a gidan ta riga ta mallaki durowa mai madubi. Ba a jima ba wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya ratso unguwar, ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba, ya ɗaure ta a bayan babur ya nufi hanyar Jibiya. Sai daga baya na tuna cewa ban taɓa tambayar tsohuwar wanda ya ƙera adakar ba, ko daga wace kasuwa ta fito, ko wa ya biya kuɗinta.

Wannan rashin tambaya shi ne mafarin wannan rubutu. Marubuta tarihin ƙasar Katsina sun yi aiki mai yawa a kan sarakuna da yaƙe-yaƙe da malamai, har suna lissafa Bugaje, wadda ke yamma da birnin Katsina cikin ƙaramar hukumar Jibiya, a jerin tsofaffin matsugunan ƙasar tare da irin su Durɓi ta Kusheyi. Amma tarihin abin da ke cikin ɗakin mace, musamman abin da take ajiyar dukiyarta a ciki, kaɗan ne aka rubuta. Ga shi kuwa a cikin waɗannan ma'ajiyai ana iya karanta hanyoyin fatauci, da zuwan Turawa, da yadda matan Hausa suka riƙe abin hannunsu.

Kafin zuwan katako

Bahaushen ƙarni na 19 bai rasa ma'aji ba, sai dai ma'ajinsa ba na katako ba ne. Hatsi yana rumbu ko rufewa, ruwa yana randa, mai yana tandu, taba da kwalli suna batta, littafin malami yana gafaka, kayan fatake suna taiki da waga a bayan jaki ko raƙumi. Tufafin mace kuwa suna cikin adudu, wato babban kwando mai murfi, ƙananan kayan adonta suna taskira. Kalmar lefe ma, wadda yau ke nufin jerin akwatunan da dangin ango ke kaiwa gidan amarya, asalinta sunan wani kwando ne na kaba da ake zuba kayan a ciki. Kwandon ya tafi, sunan ya zauna.

Akwai dalilai uku da suka sa haka. Na farko shi ne sana'a: masassaƙin gargajiya da gatari da gizago yake aiki, yana fafe gungume guda ya fitar da turmi ko akushi ko kujerar mata. Tsaga icce ya zama faffaɗan katako mai kauri ɗaya aikin zarto ne, kuma zarto bai yaɗu a ƙasar ba sai daga baya. Na biyu shi ne gara, wadda ba ta barin icce a ƙasa ya daɗe, in ba irin su ƙirya da maɗaci ba. Na uku shi ne rashin zaman lafiya. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajajen 1807 aka naɗa Ummarun Dallaje, zuriyar sarakunan Haɓe ta koma arewa ta kafa sabuwar sarauta a Maraɗi, kuma kusan ƙarnin gaba ɗaya ya ƙare ana kai hari daga wannan ɓangare zuwa wancan. Ƙasar da Bugaje da Jibiya suke ita ce a tsakani. Wanda ke kwana da tsammanin kuwwar hari ba ya tara abin da ba zai iya ɗauka a ka ba. Adudu yana bin mai shi duk inda ta gudu.

Sunaye da hanyoyinsu

Duk da haka, akwatin katako ya shigo ƙasar Hausa, kuma sunayen da muke kiransa da su sun nuna ƙofofin da ya bi. Sanduƙi kalmar Larabci ce, ta biyo ayarin Sahara da littattafan malamai, a zamanin da Katsina take babbar masaukin fataken Agadas da Ghat da Ghadamus. Adaka kuwa akwai ta a harshen Asante da ma'ana ɗaya, abin da ke tuna mana da fataken goro da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Akwati daga Yarabanci take, ta hau daga kudu tare da kayan bakin teku. Daga ƙarshe Turanci ya ba mu fantimoti, da kwaba, da durowa, har da sunan mai ƙera su, wato kafinta. Ke nan mace ɗaya tana iya zama a ɗakinta a Bugaje, kewaye da kalmomi daga arewa da yamma da kudu da ƙetaren teku, ba tare da ta taɓa wuce kasuwar Jibiya ba.

Iyaka, jirgin ƙasa da kafinta

Turawan Ingila sun karɓi Katsina a 1903. Yarjeniyoyin da suka ƙulla da Faransa a 1904 da 1906 su ne suka bar Maraɗi a hannun Faransawa, Katsina a hannun Ingilishi, sannan tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ta bi daji tana kafa alamun iyaka. Garuruwa biyu masu harshe ɗaya da dangi ɗaya, waɗanda tazararsu ba ta kai kilomita 100 ba, suka wayi gari a ƙasashe biyu masu kuɗi iri biyu da kantuna iri biyu. Hare-hare suka tsaya, fatauci ya buɗe, kuma bambancin farashi tsakanin ɓangarorin biyu ya zama sana'a mai zaman kanta.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, kuma cikin sassanta har da na koyon sana'o'in hannu. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Jirgin da ya riƙa kwasar gyaɗa zuwa Ikko shi ne ya riƙa dawowa da katakon kurmi, da ƙusa, da zarto, da kwaɗo, da fallen kwano. Kantunan John Holt da G.B. Ollivant da UAC, wanda aka kafa a 1929, da na Faransawa irin su CFAO da SCOA, suka cika da kaya, kuma hatta akwatunan katakon da ake zubo gwangwanayen kananzir a ciki ba a yar da su ba: kafintoci sun riƙa warware su suna mayar da su ƙananan akwatuna da kwabobi ga masu ƙaramin ƙarfi.

Sababbin matafiya su ma sun taimaka. Ɗaliban da suka zo Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, daga lardunan Arewa suka zo, kowa da akwatinsa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi aikin Hajji a 1921, ya kuma ziyarci Ingila, kuma a bayansa alhazai suka yi ta ƙaruwa, suna dawowa da tsaraba a kulle. Sojojin da suka yi yaƙin Bama suka dawo bayan 1945 da akwatunan ƙarfe. Cikin shekaru kamar 40, abin da a da sai gidan sarki ko na babban attajiri ya zama abin da manomin gyaɗa zai iya saya wa 'yarsa in kaka ta yi kyau.

Jere: taskar mace

A nan ne tarihin akwati ya haɗu da tarihin mata. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, miji ba ya da iko a kanta, kuma a al'adar Hausa kayan ɗakin da iyaye suka yi wa amarya mallakinta ne: in aure ya mutu da su take fita. Saboda haka jere ado ne a ido, amma a zahiri ajiya ce. Uwa takan fara tara wa 'yarta kaya tun tana ƙarama, daga ribar ƙuli-ƙuli ko fura ko kaɗi, da kuɗin adashi, da gudummawar ƙawayen biki. Ranar jere duk matan unguwa za su shigo su gani, kuma abin da suke ƙirgawa har da yawan mutanen da uwar amarya take da su.

Abin da ake jerawa ya sauya sau da yawa cikin ƙarni ɗaya. Da farko ƙore ne masu zane da faya-fayai, sai tasoshin tagulla, sai kwanonin sha da langa masu fenti da ake shigowa da su daga Turai da Hongkong, har zuwa lokacin da aka kafa masana'antunsu a Ikko da Kano wajajen samun 'yancin kai. Bayan su tangaran da gilashi suka zo. Kowane sauyi ya nemi sabon mazauni. Ƙore ana rataye su ko a jera su a bango. Kwanoni ana ɗora su bisa juna har su kusa taɓa rufi. Tangaran kuwa mai fashewa ne, dole sai kwaba mai ƙofar gilashi. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji, su suka shigar da gado mai rumfa da kwaba da durowa ɗakunan da a da adaka ɗaya ce ma'ajinsu. Mai son ganin rayuwar matan da suka ga farkon wannan sauyi sai ya duba littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954. Game da ɗaya gefen iyakarmu kuwa, Barbara Cooper ta yi nazarin kayan aure da darajar mace a littafinta Marriage in Maradi na 1997.

Taska ba ta da amfani in ba a iya cire abin da ke cikinta ranar buƙata. Wannan shi ne aikin dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da ƙunshi a ka, ta karɓi kwano ko zane daga hannun wadda ta matsu, ta kai wa wadda ke tara wa 'yarta, ta cire la'adarta, ba tare da ta tona asirin kowa ba. A shekarun fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, lokacin da rumbuna suka ƙare a ɓangarorin iyaka biyu, gidaje da yawa da kayan ɗakin mata suka sayi hatsi. Don haka cinikin tsofaffin kayan ɗaki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sai dai a da, kayan suna zagayawa ne tsakanin matan gari ɗaya, kuma dillaliya ta san tarihin kowane kwano.

Durowar Turai da kasuwar tsoho

Ita kanta durowa a ƙasarsu daga akwati ta samo asali. Turawa sun daɗe suna ajiya a babban akwati mai murfi a sama, wanda in kana son abin da ke ƙasa sai ka kwashe na sama duka. A ƙarni na 17 kafintocin Ingila suka fara sa aljihun da ake jawowa a gindin akwatin, sannu a hankali aljihunan suka cinye jikin gaba ɗaya, murfin ya zama kafaffen saman da ake ɗora kaya. Hafsoshin Ingila da ke yawon mulkin mallaka suna da tasu ta musamman, mai rabuwa gida biyu don sauƙin ɗauka, da tagulla a kusurwoyi, da marikai masu lafewa cikin katako. A yau irin waɗannan suna tsada a kasuwannin gwanjon Landan da Faris, inda aka saba kiran abu kayan tarihi in ya cika shekara 100, wanda bai kai ba kuma a kira shi na tsohon yayi.

Masu wannan ciniki suna da hanyoyin gane shekaru, kuma hanyoyin suna aiki a kan adakarmu. Suna duba haƙoran da aka haɗa kusurwa da su: in aikin hannu ne ba sa zama daidai wa daida, in na inji ne kamar an auna da ma'auni. Suna duba ƙusa, ko ta maƙeri ce mai kusurwa huɗu ko ta kanti mai zagaye. Suna juya kayan su ga bayansa da gindinsa, inda ba a shafa fenti, su ga sawun zarto da cin gara. Suna ɗagawa su ji nauyi, domin katakon maɗaci ba ya yin sauƙin falankin zamani da ake matsawa daga garin katako, wanda damina biyu ke kumbura shi. Sun kuma san cewa sabon fenti yana rage daraja, ba ya ƙara ta. Amma abin da ya fi kowanne ɗaga farashi a wurinsu shi ne sanin asali: wa ya ƙera, wa ya mallaka, ta hannun wa da wa ya bi.

Abin lura shi ne kaya suna tafiya ta fuska biyu. A shekarun 1970 Maraɗi ta zama babbar mashigar kayan da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano, su bi ta Gaya da Doso, su tsallako Nijeriya ta Ɗan Isa da Magama, kuma Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihin attajiran wannan fatauci a littafinsa kan alhazan Maraɗi a 1986. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, kayan gwanjo da waɗanda ake kira na Beljiyam suka samu karɓuwa a gidajenmu. Muna sayen abin da Turawa suka gama yayinsa da sunan sabon yayi, a daidai lokacin da muke fitar da abin da kakanninmu suka bari da sunan tarkace.

Wa ke sayarwa, kuma don me?

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa yankin Jibiya nauyi. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma duk rufewa tana tsayar da abincin dubban gidajen da ke rayuwa da zirga-zirgar kan iyaka. Ga kuma 'yan bindigar daji da suka tashi ƙauyuka, mutane suka kwarara garin Jibiya da birnin Katsina, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi. Matar da ke gudun hari a yau tana cikin halin da kakar kakarta ta shiga a ƙarni na 19, da bambanci ɗaya: waccan adudu gare ta, wannan kuwa durowa ce da kwaba, waɗanda ba sa hawa ka. Ko ta bar su ga wuta da gara, ko ta sayar a yadda aka taya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai sayen tsofaffin kaya ya san lokacin da farashi ke faɗuwa.

Doka ta yi magana, amma a kan wani yanki kawai. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana sayensa ko sayar da shi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da shi waje ba da takarda ba. Ƙasar Katsina ta san zafin wannan asara, domin gumakan yumɓunta na dā suna cikin jerin kayan Afirka da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kan satarsu a shekarar 2000. Sai dai yawancin adakokin da ke ɗakunan tsofaffinmu bayan 1918 aka yi su. Ba su tsufa har doka ta tsare su ba, ba su kuma sabunta har jikoki su so su ba. A wannan tsakanin suke salwanta, wasu a hannun dillalai, wasu a murhu, masu ƙarfe kuma a sikelin 'yan gwangwan.

Ba laifi ba ne mutum ya sayi tsohuwar adaka ko durowa, kuma ba laifi ba ne mai ita ta sayar, tunda tun asali don ranar buƙata aka tara. Sau da yawa ma mai sayen ne ke ceton kayan daga gara. Abin da ake nema gare shi abu uku ne. Ya tabbatar mai sayarwar ita ce mai kayan, domin a ƙasar da ake tashin ƙauyuka ba a rasa kayan da aka kwaso daga gidan da masu shi suka gudu. Ya biya abin da ya san kayan sun kai, kada ya mayar da matsuwar wata ribarsa. Sannan ya tambaya, ya rubuta: sunan garin, da zamanin auren da aka yi kayan dominsa, da inda aka saye su, da abin da aka riƙa ajiyewa a ciki. Gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina da sassan Hausa da na tarihi na jami'o'inmu suna iya yin wannan aiki da tsari, ɗalibi ɗaya da littafin rubutu da wayar ɗaukar hoto ya isa ya tattara tarihin ɗakunan unguwa guda kafin tsofaffinta su ƙare.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Adakar kakata ta tafi, kuma duk inda take a yau, mai ita yana da katako da kwaɗo, amma bai san ta taɓa zama bisa duwatsu huɗu a Bugaje ba, bai san hannun da ya riƙe makullinta shekaru masu yawa ba. Ƙanwar kakata tana nan da rai, ita ma da tata adakar a ƙarƙashin gado. Ranar da na je gaishe ta na ce, "Iya, wa ya saya miki wannan?" Ta dube ni ta yi dariya, ta ce tun da aka kawo ta gidan babu wanda ya taɓa tambayarta. Sannan ta kwance makullin daga haɓar zaninta, ta ce in matso da tabarma.